Baƙo da Kayan Mai Masauki: Tarihin Tsarkake Magungunan Makari

Unguwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangi ta samo sunanta ne daga nisan da ke tsakaninta da tsakiyar gari. Tun zamanin da Faransawa ke kiran ƙasar Ubangi-Shari fatake suka yi zango a wurin, Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Cadi da na Senigal, har ya zama cibiyar cinikin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Kokoro da kasuwarta suna cikin wannan yanki. Duk wanda ya san rayuwar zango ya san kalmomi biyu da ba sa rabuwa, wato baƙo da mai masauki. Baƙo ya sauka, a ba shi ɗaki da abinci, ya gama abin da ya kawo shi, ya ɗaure kaya ya tashi. Idan aka kwance kayan a gaba aka tarar da tabarmar mai masauki ko ludayinsa a ciki, to magana ta taso.

Masana haɗa magunguna sun ari wannan kalma ta mai masauki, kuma da ita za a bi tarihin da ke cikin wannan maƙala. Akwai rukunin magunguna da ba a haɗa su daga sinadarai a tukunya kamar ƙwayar ciwon kai. Jikin mai rai ne yake ƙera su, doki ko tunkiya ko ƙwayoyin halitta da ake kiwo a cikin tanki. Maganin shi ne baƙo, jikin da ya ƙera shi shi ne mai masauki. Matsalar da ta dami likitoci shekara ɗari da talatin ita ce, baƙon ba ya fitowa shi kaɗai.

Kafin a yi nisa, ya kamata ɗalibi ya riƙe kalmomi kaɗan. Jinin mutum da na dabba yana ɗauke da wasu furotin da jiki yake ƙerawa musamman don su kama dafi ko ƙwayar cuta su hana ta aiki. Kafofin yaɗa labarai sukan ce musu sinadaran garkuwar jiki. A nan an zaɓi tsohuwar kalmar Hausa, makari, domin ta fi gajarta, kuma ma'anarta ta asali, abin da ke karya dafi ko sammu, ta dace da aikin. Ruwan jini kuwa shi ne ruwan nan mai launin rawaya da ke tasowa sama bayan jini ya daskare.

Zamanin doki

A watan Yunin 1889 Faransawa suka kafa sansaninsu a gaɓar kogin Ubangi, wanda ya zama Bangi. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Disamban 1890, Emil Behring da Shibasaburo Kitasato suka wallafa wani ɗan gajeren rahoto a Balin. Sun nuna cewa idan aka saba wa dabba da dafin ƙwayar cuta kaɗan-kaɗan, ruwan jininta yakan zama makari, har ya kare wata dabbar da ba ta taɓa haɗuwa da cutar ba. Sun yi aikin ne a kan tetanas, ciwon nan mai sarƙe haƙora, da kuma mashaƙo, wanda a lokacin yake kashe yaran Turai dubbai a kowace shekara. A 1894 Emile Roux na Cibiyar Pasteur da ke Faris ya koma ga doki, saboda girman jikinsa da yawan jininsa. Ya yi wa yara kimanin 300 allurar ruwan jinin doki, mace-mace suka sauko daga wajen rabi zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A shekarar kuma Albert Calmette, wanda ya fara nazarin macizai a Saigon, ya nuna cewa dabarar tana aiki a kan dafin maciji, daga 1895 ya fara haɗa makarin a garin Lille.

Abin da ake ɗura wa marar lafiya a wancan zamani ruwan jinin doki ne ɗungurungum. Makarin da ake so ɗan kaɗan ne a cikinsa, sauran duk kayan dokin ne. Ba a daɗe ba aka fara ganin sakamako. A 1901, a birnin Sen Luwis na Amurka, wani doki mai suna Jim, wanda a da yake jan keken madara, ya kamu da tetanas alhali ana ɗibar jininsa don haɗa makarin mashaƙo. Aka raba ruwan jinin ba tare da an gwada shi ba, yara 13 suka mutu. A sanadin haka majalisar Amurka ta kafa dokar 1902 wadda ta ɗora wa gwamnati alhakin sa ido kan irin waɗannan magunguna.

Wannan gurɓata ce ta sakaci, kuma tsafta da gwaji suna maganinta. Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce wadda ke zuwa ko da doki lafiyayye ne. Likitocin yara biyu a Biyana, Clemens von Pirquet da Bela Schick, sun lura cewa bayan kwana takwas zuwa goma sha biyu da yin allurar, yara da yawa sukan yi zazzaɓi, jiki ya feso da ƙuraje, gaɓoɓi su yi ciwo, kaluluwa ta fito. Idan aka sake yi wa yaro allurar a wani karo, abin yakan zo da sauri kuma ya fi tsanani. A 1905 suka wallafa littafi a kan wannan ciwo na ruwan jini, suka bayyana cewa jikin yaron ne yake ƙera nasa makarin don yaƙar furotin ɗin doki. Shekara uku kafin nan Charles Richet da Paul Portier sun bayyana nau'in da ke zuwa nan take, wanda ke toshe numfashi ya kayar da bugun jini cikin mintoci. Bahaushe yana da sunan ƙaramin nau'insa, borin jini.

Daga nan aikin ya zama irin na mace da hatsinta: a sussuka, a shiƙa, a bakace, a rege. A farkon ƙarni na 20 aka gano cewa wani gishiri na amoniya yana sa makari ya kwanta ƙasa ya bar mafi yawan sauran furotin a ruwa. A shekarun 1930 Parfentjev a Amurka da Pope a Ingila suka ƙara wata dabara, suka yi amfani da sinadarin narka abinci na ciki, pepsin, wajen datse wutsiyar makarin, a bar ɓangaren da ke kama dafi. Borin jini ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba. Har yau makarin mashaƙo daga doki yake fitowa. Da annobar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu cutar, kuma makarin ya yi ƙaranci a duniya. Ƙa'idar ba da shi ita ce: a fara gwada ɗan kaɗan a jikin yaro, a ajiye allurar adiranalin a kusa, sannan a ɗura sauran.

Gobe da nisa

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, wannan tarihi ya fi bayyana ne a kan saran maciji. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, ƙaramar macijiya ce, amma ita ta fi kashe manoma da makiyaya a yankin sabana, daga Senigal har zuwa arewacin Afirka ta Tsakiya. Dafinta yana cinye sinadaran daskarar da jini, sai jini ya riƙa zuba ta dasashi da tsohon miki da cikin ciki, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Idan babu makari, mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma yakan mutu. David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, shi da abokan aikinsa sun wallafa bayanin mutum 115 da kububuwa ta sara a 1977. Daga aikinsu aka sami gwajin nan mai sauƙi da har yanzu ake yi a asibitocin karkara: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsafta, a ajiye minti 20, a karkata ta. In jinin bai daskare ba, dafi ya shiga.

Da makarin da ake shigowa da shi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Nijeriya ta haɗa gwiwa da masana na Libaful da Okosfod. Aka riƙa kama macizai a Nijeriya ana kai su Libaful a tatsi dafinsu. Wani kamfani a yankin Wales, MicroPharm, ya yi amfani da tumaki ya haɗa EchiTAb G don kububuwa kaɗai. Cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika ta yi amfani da dawaki ta haɗa EchiTAb-Plus don kububuwa da kasa da kumurci mai feshin dafi. Duka biyun an tace su da wani sinadari na dangin mai, wanda yake kwantar da sauran furotin ya bar makarin a ruwa, akasin tsohuwar dabarar gishiri.

An gwada su a asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe a kan mutum 400, aka wallafa sakamakon a 2010, kuma Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin masu binciken. Cikin awa shida jini ya koma daskarewa ga kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba na doki, da kusan kashi 76 na waɗanda aka ba na tunkiya. Wannan nasara ce babba. Sai dai akwai wani lissafin a gefe da bai kamata a tsallake shi ba: kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a rukunin doki, da kusan ɗaya cikin biyar a rukunin tunkiya, jikinsu ya yi bori jim kaɗan bayan ɗurin. Mafi yawa ƙaiƙayi ne da ƙuraje da amai, amma wasu sun kai ga matsanancin hali. Yana da kyau a yi adalci a nan: ba duk borin ne laifin ragowar datti ba, domin makarin kansa furotin ne na dabba, kuma yawan abin da aka ɗura yana da tasiri. An ba rukunin doki kwalba uku, rukunin tunkiya kwalba ɗaya.

A Afirka ta Tsakiya cibiyar wannan labari ita ce Pawa, a arewa maso yamma kusa da iyakar Cadi, inda ƙungiyar Likitoci Ba Iyaka ta riƙa karɓar ɗaruruwan waɗanda maciji ya sara a kowace shekara. Shekaru da dama sun dogara ga Fav-Afrique na kamfanin Sanofi Pasteur, makarin doki da aka datse da pepsin aka tace sosai, wanda likitoci suka yaba da ƙarancin borinsa. Kamfanin ya daina haɗa shi a 2014, wa'adin rukuni na ƙarshe ya cika a watan Yunin 2016. Dalilin shi ne kasuwa: tacewa tana cin kuɗi, masu sayen talakawa ne, kuma wasu magunguna masu araha sun cika kasuwa, ciki har da waɗanda aka haɗa da dafin macizan wata nahiya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Sabon mai masauki

A 1975, a Kambirij, Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a ware ƙwayar halitta guda mai ƙera makari iri ɗaya tak, a sa ta riƙa hayayyafa ba iyaka. Doki yana ba da gaurayen makarai dubbai, wannan kuwa ɗaya ne zalla. A 1986 aka amince da na farko a matsayin magani, OKT3, don masu dashen ƙoda. Na ɓera ne, saboda haka jikin mutum ya riƙa yi masa kallon baƙo. Cikin shekarun da suka biyo baya aka koyi sauya fasalin makarin ya koma kamar na ɗan Adam, aka kuma nemo masa masauki na dindindin.

Masaukin da ya yi rinjaye yana da tarihi mai ban mamaki. A ƙarshen 1948, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar Sin, wani likita Ba'amurke, Robert Watson, ya fitar da wasu 'yan ɓeraye 20 da ake kira hamsta daga Nanjin zuwa Amurka. A 1957 Theodore Puck ya ɗebi ƙwayoyin halitta daga mahaifar ƙwan wata jikanyarsu a Denba, ya raya su a kwalba, suka ci gaba da rabuwa har yau. Ana kiransu CHO. A 1987 aka amince da maganin farko da aka haɗa a cikinsu, mai narkar da gudan jini. A yau mafi yawan makarai zalla, na sankara da na amosanin gaɓɓai da na asma, a cikin jikokin ƙwayoyin wannan ɓera guda ake ƙera su, a tankunan ƙarfe masu cin lita dubbai.

An yi zaton an rabu da matsalar doki. Ashe masauki kawai aka canza. Ƙwayar CHO mai rai ce, tana ƙera furotin nata iri dubbai don bukatun kanta. Wasu tana fitar da su, wasu kuma suna zubowa in ta mutu ta fashe. Ruwan da ake kwasowa daga tanki cike yake da su. Matakin farko na tacewa yana amfani da wani furotin da aka samo daga jikin ƙwayar cutar da ke kawo maruru, wanda yake cafke wutsiyar makari ya bar sauran su wuce da ruwa. Wannan mataki kaɗai yana kawar da mafi yawan dattin. Ana biyo shi da wasu matakai biyu ko uku. Abin da ya saura ana auna shi da kashi cikin miliyan, kuma al'adar masana'antar ita ce kada ya wuce kashi 100 cikin miliyan, ko da yake babu wata doka da ta yanke adadi guda ga kowane magani. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1999 ta ce ne a auna, a kuma nuna hujjar iyakar da aka sa.

Mai sayen shinkafa a Kokoro zai gane lissafin. Kashi 100 cikin miliyan daidai yake da giram 5 na tsakuwa a buhu mai kilo 50. Kashi ɗaya cikin miliyan kuwa nauyin ƙwayar shinkafa biyu ne a buhun gaba ɗaya. Tsakuwa dai tana da nauyi da launi dabam, ana iya rege ta. Furotin ɗin mai masauki kuwa dangin makarin ne, launinsu ɗaya, a ruwa ɗaya suke narkewa, kuma ba iri ɗaya ake nema ba, iri ɗaruruwa ne da ba a san sunayensu ba tukuna.

Yadda ake farautar abin da ba a gani

Kayan aikin da aka dogara da shi, gwajin ELISA, Eva Engvall da Peter Perlmann ne suka bayyana shi a Sitokholm a 1971. Yadda aka juya shi ga wannan aiki yana da ban sha'awa. Ana ɗaukar ƙwayoyin CHO waɗanda ba a sa musu umarnin ƙera magani ba, wato masauki ba baƙo, a raya su kamar yadda ake raya na gaske, a tattara duk furotin ɗinsu. Sai a yi wa akuya ko tunkiya ko zomo allurar wannan gauraye na tsawon watanni. Dabbar ta ƙera makarai a kan furotin ɗin ɓeran. Da waɗannan makarai na akuya ake shafe 'yan ramukan faranti, a ɗiga maganin da ake son gwadawa, duk wani furotin na mai masauki da ke ciki ya maƙale, a ƙara wani sinadari da ke canza launi, na'ura ta karanta zurfin launin. Ke nan masana'antar da ta gudu daga jinin dabba ta koma ga jinin dabba don ya yi mata gadi.

Raunin dabarar a fili yake ga mai tunani. Gwajin yana ganin abin da akuyar ta gani ne kawai. Furotin ɗin da ya yi kama da nata, ko wanda ya yi ƙaranci a gaurayen da aka yi mata allura, ba za ta ƙera masa makari ba, saboda haka zai wuce ta gaban gwajin kamar babu shi. Don a san iyakar ganin akuyar, ana baza furotin ɗin mai masauki a kan wani faifai mai kama da kamu ta hanyar wutar lantarki, dabarar da Patrick O'Farrell ya fito da ita a 1975, kowane furotin ya tsaya a matsayin ɗigo. Sai a ƙirga ɗigo nawa makaran akuyar suka gane cikin jimillar. Ba a samun ɗari bisa ɗari. Rauni na biyu shi ne, gwajin lamba ɗaya yake bayarwa, jimilla, ba ya faɗin sunan kowa. Kashi 20 cikin miliyan na iya zama furotin iri hamsin marasa illa, yana kuma iya zama iri ɗaya mai illa.

Tarihin shekaru talatin da suka wuce ya nuna wannan tsoro ba na banza ba ne. Lokacin da ake gwajin Omnitrope, sinadarin girma na yara da ake haɗawa a cikin ƙwayar bakteriya, rukunin farko yana ɗauke da furotin ɗin mai masauki fiye da kima, kuma fiye da rabin yaran da aka ba suka ƙera makari a kan maganin kansa. Ragowar kayan bakteriyar ne suka zuga garkuwar jiki. Aka ƙara matakan tacewa, matsalar ta kau, Tarayyar Turai ta amince da maganin a 2006. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin wani magani na masu ciwon rashin daskarewar jini, bayan kashi 26 cikin ɗari na masu karɓarsa sun ƙera makari a kan furotin ɗin CHO. Shi ma sai da aka gyara tacewarsa kafin a amince da shi a 2015 da sunan Ixinity.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na lebrikizumab, makari zalla da kamfanin Genentech ya gwada a kan masu asma. Masu awo sun lura da wani abin ɗaure kai: duk lokacin da suka tsinka maganin da ruwa suka sake aunawa, lissafin dattin sai ya ƙaru maimakon ya tsaya inda yake. Dalili shi ne, akwai furotin guda da ya yi yawa har ya fi ƙarfin 'yan makaran akuyar da ke iya kama shi, sai gwajin ya riƙa ba da adadi ƙasa da gaskiya. Da aka bi sawu aka gano shi, ana kiransa PLBL2. Wannan furotin ba ya bin ruwa ya fita, manne wa makarin yake yi ya bi shi ta kowane mataki, kamar ƙarangiya a gefen riga. Da aka duba jinin waɗanda suka karɓi maganin, kusan kashi 90 cikin ɗari sun ƙera makari a kansa. Kamfanin ya wallafa wannan a 2017, tare da bayanin cewa ba a ga alamar ya cutar da su ba, kuma an sauya tacewar don cire shi. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Hausawa, sai dai a nan ba a san da waken ba sai da aka riga aka ci tuwon.

Akwai kuma dattin da bai taɓa marar lafiya kai tsaye ba, maganin yake ci. Ana zuba wa makarai wani sinadari mai kama da sabulu don kada su dunƙule a kwalba. Wasu furotin na CHO aikinsu narka mai ne, kuma ko da ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan suka saura, sukan yi ta cin wannan sinadari a hankali, wata da watanni, har a fara ganin ɗigo-ɗigo a ruwan da ya kamata ya zama garau. ELISA ba ta iya ganin wannan ƙanƙanta.

Shi ya sa tun daga wajen 2010 aka juya ga na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Ana yayyanka duk furotin ɗin da ke cikin maganin gunduwa-gunduwa, na'urar ta auna nauyin kowace gunduwa, kwamfuta ta kwatanta da kundin halittar ɓeran, wanda aka wallafa a 2011, ta fito da sunaye ɗaya bayan ɗaya da kimanin yawan kowanne. Ba ta bukatar akuya. Wahalarta ita ce, makarin ya fi dattin yawa sau dubu ɗari ko miliyan, sai ya rufe shi, kamar neman jin raɗa a tsakiyar kiɗan kalangu. Tsakanin 2015 da 2017 kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka da na Turai suka fitar da babi na musamman a kan wannan awo. Matsayin da aka tsaya a kai shi ne a riƙe ELISA don sakin kowane rukuni, a riƙa duba bayanta da na'urar nauyi.

Abin da ya shafi gaɓar Ubangi

Mai karatu na iya cewa wannan damuwar masu arziki ce. Shekaru goma da suka wuce da sai a ba shi gaskiya. Daga Bangi ana hango garin Zongo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a tsallaken kogi, kuma lardin Ikwaita da ke ƙasa da su ya ga ɓarkewar Ebola a 2018 da 2020 da 2022. Maganin Ebola da ake da shi a yau makari ne zalla. Ɗaya daga cikinsu an samo asalinsa daga jinin wani da ya tsira daga annobar Kikwit ta 1995, bisa ƙoƙarin Jean-Jacques Muyembe da abokan aikinsa. A gwajin da aka yi a gabashin Kwango daga 2018 zuwa 2019, kimanin kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka ba shi suka mutu, alhali a rukunin da aka kwatanta da su kusan rabi ne. An amince da shi da ɗan'uwansa a ƙarshen 2020 da sunayen Ebanga da Inmazeb.

Mai Ebola ba zai tsaya tambayar kashi nawa cikin miliyan ba, mutuwa ce a gabansa. Lissafin yana canzawa ne idan lafiyayye za a yi wa allura. A Mali, ƙungiyar Kassoum Kayentao ta gwada wani makari zalla na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta wallafa a 2022 cewa ɗuri ɗaya ya ba manya kariya ta kashi 88 cikin ɗari na tsawon wata shida, daga baya aka gwada wani a kan yara. Adadin da ya ba da wannan kariya miligiram 40 ne ga kowane kilo na nauyin jiki. Mutum mai kilo 60 zai karɓi miligiram 2,400. Da a ce maganin yana kan iyakar kashi 100 cikin miliyan, da ya karɓi maikurogiram 240 na furotin ɗin mai masauki tare da shi. Allurar rigakafin ciwon hanta ta manya, wadda aka yi ta musamman don ta tayar da garkuwar jiki, maikurogiram 10 zuwa 20 take ɗauke da shi. Kwatancin bai cika daidai ba, domin dattin gauraye ne kuma ba a haɗa shi da abin zuga garkuwa ba, magungunan zamani kuma sukan sauka ƙasa da iyakar nesa ba kusa ba. Amma ya nuna dalilin da ya sa maganin da za a maimaita wa miliyoyin yara kowace damina yake bukatar awon da ya wuce jimilla.

Sauran tambaya ita ce wa zai yi awon. Bangi tana da Cibiyar Pasteur tun 1961, kuma ta yi suna wajen gano ƙwayoyin cuta. Nijeriya tana da hukumar NAFDAC tun 1993, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa mataki na uku na ƙwarewa a 2022. Yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka ta fara aiki a watan Nuwamban 2021, aka zaɓi Kigali ta zama mazauninta. Sai dai awon furotin ɗin mai masauki yana da wata siffa da ta raba shi da sauran gwaje-gwaje. Makaran akuyar da suka fi dacewa da kowane magani an haɗa su ne daga ƙwayoyin kamfanin da ya yi maganin, kuma suna ajiye a firjinsa. Na kasuwa, da kowa ke iya saye, ba lallai su ga abin da na kamfanin ke gani ba. Saboda haka hukumar ƙasar da ke shigo da magani takan karanta takardun kamfanin ne ta duba hujjarsa, ko ta dogara ga hukuncin wata hukumar da ta riga ta duba. Na'urar auna nauyi ita ce hanyar da ba ta bi ta firjin kamfani ba, amma tana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da iskar gas mai tsafta, da injiniyan da zai zo in ta tsaya, da ma'aikatan da suka shafe shekaru suna koyon karanta abin da take fitarwa.